Ɗan Hakin Da Ka Raina: Wayar Da Ke Tsakanin Laftof Da Majigi

Akwai wani abu da ya zama ruwan dare a ɗakunan lacca da zaurukan taro na ƙasar nan, har ya kai an daina ganin aibinsa. Za a sa ƙarfe goma na safe domin gabatar da muƙala, jama'a su hallara, babban baƙo ya zauna, a yi addu'ar buɗe taro, sannan a shafe rabin awa ana kai-kawo tsakanin laftof ɗin mai jawabi da majigin da ke rataye a rufin ɗaki. Wannan ya zare waya, wancan ya mayar, a aika yaro ofishin shugaban sashe ya kawo wata, ita ma ta ƙi shiga. Daga ƙarshe mai jawabi ya haƙura ya koma karantawa daga takarda, yana faɗa wa mutane cewa da sun ga jadawalin da ya tanada da sun fi fahimtar abin da yake nufi. Sai a ɗora laifi a kan majigi, ko a kan wutar lantarki, ko a ce ai kayan zamani haka halinsu yake.

A shekarun da na yi ina koyarwa a jami'a, ina kuma halartar tarurrukan ƙara wa juna sani a jihohi daban-daban, na lura cewa a mafi yawan irin waɗannan lokuta majigin lafiyarsa ƙalau, laftof ɗin ma ba abin da ya same ta. Abin da ya hana ruwa gudu shi ne 'yar wayar da ke tsakaninsu, wadda kuɗinta bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na na'urorin da take haɗawa. Hausawa sun ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido. Mukan sayi doki mai tsada, mu bar batun linzami sai ranar hawa. Abin da nake so in nuna wa mai karatu shi ne, haɗa laftof da majigi, ko talabijin, ko monita, wato allon kwamfuta na kan tebur, ba sa'a ba ce. Tambayoyi uku ne ke tafiyar da al'amarin: wace irin kafa ce a jikin kowace na'ura, daga ina zuwa ina hoto zai tafi, kuma yaya nauyin hoton da ake so wayar ta ɗauka. Duk wanda ya amsa su kafin ya je kasuwa, ya huta.

Yadda aka yi kafofi suka yi yawa

Kafar da ta fi kowacce daɗewa a cikin waɗanda muke amfani da su ita ce VGA. Kamfanin IBM na Amurka ne ya fito da ita a shekarar 1987. Ita ce shuɗiyar nan mai ramuka 15, jeri uku biyar-biyar, da kusoshi biyu da ake murzawa a gefe. Hoto yana bi ta cikinta ne a matsayin ƙarfin lantarki mai hawa da sauka, abin da masana ke kira analog. Allurai uku na farko a bakin wayarta su ke ɗauke da launin ja da kore da shuɗi. Shi ya sa idan allura guda ta lanƙwashe sai ka ga allo gaba ɗaya ya rine, ya koma rawaya ko ruwan hoda, mutane su ɗauka majigin ne ya tsufa. VGA ba ta ɗaukar sauti ko kaɗan. A 1999 aka fito da DVI, farar nan mai faɗi, wadda ke kai hoto a tsarin dijital, wato jerin lambobin sifili da ɗaya. Har yanzu ana samun ta a bayan tsofaffin monitoci.

A watan Disamba na 2002 kamfanoni bakwai, cikinsu har da Sony da Panasonic da Philips da Toshiba da Hitachi, suka fitar da ƙa'idar HDMI. Allurai 19 gare ta, tana ɗaukar hoto da sauti a waya guda, kuma ita ce ta mamaye talabijin da dikoda da majigin zamani. A 2006 ƙungiyar VESA ta masu ƙera kayan kwamfuta ta fito da DisplayPort mai allurai 20, wadda aka fi gani a monitocin ofis da kwamfutocin ma'aikata irin na Dell da HP da Lenovo. Sai kuma auta, USB-C, wadda aka kammala tsarinta a 2014: 'yar ƙarama mai zagayayyen baki, allurai 24, ba ta da sama ba ta da ƙasa, ta ko'ina ka juya ta za ta shiga.

A watan Disamba na 2010 kamfanonin Intel da AMD, tare da wasu manyan masu ƙera kwamfuta da allo, suka sanar cewa za su yi ban kwana da VGA zuwa shekarar 2015. Da ma laftof sai ƙara sirancewa take yi, kafar VGA kuwa kaurinta ya fi na gefen sababbin kwamfutocin. Kamfanin Apple ya ma wuce nan: a 2015 ya fitar da MacBook mai kafar USB-C guda ɗaya tak, a 2016 ya cire HDMI daga MacBook Pro, bai dawo da ita ba sai a 2021.

To, mu a nan duk waɗannan zamunna a ɗaki ɗaya suke zaune. Majigi da monita sukan daɗe suna aiki fiye da laftof, don haka akwai ɗakunan karatu da har yau VGA kaɗai aka ja daga rufi zuwa teburin malami. Kwamfutocin da ke hannunmu kuwa da yawa 'yan gwanjo ne daga Turai da Amurka, wata ta shekara goma, wata ta shekara uku. Malami ɗaya na da VGA da HDMI, na biyu HDMI kaɗai, na uku ba shi da komai sai USB-C, kuma dukkansu majigi ɗaya za su yi layi a kai.

Tambaya ta farko: wace kafa ce?

Kafin a sayi komai, a juya laftof a dubi gefenta, a leƙa bayan monita ko majigi. Idan akwai kafa iri ɗaya a ɓangarorin biyu, an gama: HDMI zuwa HDMI, ko DisplayPort zuwa DisplayPort, waya guda ba tare da ɗan tsakani ba. Duk adaftar da aka ƙara a hanya, an ƙara wurin da matsala za ta iya ɓulla. Idan kuwa akwai zaɓi tsakanin VGA da wata kafa ta dijital, a ɗauki ta dijital, domin rubutu ya fi fitowa tas a cikinta.

Wurin da ake yawan rikicewa shi ne tsakanin HDMI da DisplayPort, saboda daga nesa kamarsu ɗaya. A duba da kyau: HDMI kusurwoyinta biyu na ƙasa ne a yanke, DisplayPort kuwa kusurwa ɗaya ce a yanke, ɗaya ɓangaren a miƙe yake. Da yawa daga wayoyin DisplayPort suna da ɗan makulli da ke kama kafa, sai an danna saman kan wayar kafin a zare. Wanda bai sani ba ya fizga da ƙarfi, sai ya taho da kafar gaba ɗaya. Haka nan akwai ƙananan nau'o'i, Mini HDMI da Micro HDMI da Mini DisplayPort, waɗanda ake samu a kyamarori da siraran kwamfutoci. Aikinsu ɗaya da manyan, girman baki ne kawai ya bambanta.

Tambaya ta biyu: daga ina zuwa ina?

Nan ne aka fi asarar kuɗi. Mutum zai je shago ya ce a ba shi wayar HDMI da VGA, a ba shi, ya kai gida ta ƙi aiki, ya dawo yana cewa an sayar masa da jabu. Sau da yawa wayar ba jabu ba ce, juya ta aka yi. HDMI da VGA harsuna biyu ne mabambanta, ɗaya dijital ɗaya analog, don haka sai da tafinta a tsakaninsu. Tafintan shi ne ɗan ƙaramin guntun lantarki da ke cikin adafta, kuma fassara ɗaya ya iya. Adaftar da ke karɓar hoto daga laftof mai HDMI ta miƙa wa majigi mai VGA ba za ta taɓa karɓa daga tsohuwar kwamfuta mai VGA ta miƙa wa talabijin mai HDMI ba. Wannan na biyun wata na'ura ce daban, wadda galibi sai an ba ta wuta ta kafar USB, a kuma haɗa mata wayar sauti, tunda VGA ba ta kawo shi. Idan kuwa aka ga waya zalla, bakin nan HDMI bakin can VGA, ba wani guntu a cikinta, to a bar ta inda aka gan ta.

Haka abin yake tsakanin DisplayPort da HDMI. Wayar da aka saba gani mai waɗannan bakuna biyu tana aiki ne idan DisplayPort na jikin kwamfuta, HDMI na jikin allo. Idan laftof ce mai HDMI, monita kuma mai DisplayPort kaɗai, wannan wayar ba za ta nuna komai ba, sai an nemo na'urar da aka ƙera musamman domin wannan fuska. HDMI da DVI kuwa ba ruwansu da wannan sharaɗi, domin siginarsu ta hoto iri ɗaya ce, waya guda na iya kaiwa ta kowane ɓangare, sai dai kada a sa ran sauti. Saboda haka a shago kada a tsaya ga ambaton sunayen kafofi biyu. A ce: kwamfutata tana da kaza, allon da zan haɗa yana da kaza.

Kama da wane ba ta wane

USB-C ta cancanci a tsaya a kanta, domin ita ce ta fi yaudarar ido. Sunan siffar baki ne kawai, bai faɗi abin da ke bi ta ciki ba. Kafofi biyu za su yi kama kamar an tsaga kara, ɗaya tana fitar da hoto, tana caji, tana kwasar bayanai, ɗayar kuwa ban da filas da linzamin kwamfuta ba abin da take ɗauka. Kafin kafar USB-C ta fitar da hoto, sai mai ƙera kwamfutar ya ja mata layin DisplayPort ta ciki, ko kuma ta kasance Thunderbolt, fasahar Intel wadda tun nau'inta na 3 a 2015 ta koma amfani da bakin USB-C. Alamar walƙiya a gefen kafa na nuna Thunderbolt, alamar harafin D mai ɗauke da P na nuna DisplayPort. Ba kowane kamfani ke sa alamar ba, don haka abin da ya fi shi ne a nemi lambar samfurin laftof a ƙasanta, a duba bayaninta a shafin kamfanin a intanet. Kwamfutoci masu sauƙin kuɗi da dama suna da USB-C da ba ta fitar da hoto, kuma adaftar da aka saba sayarwa ba ta iya tilasta mata.

Ita kanta wayar haka take. Wayar cajin salula mai USB-C a bakunan biyu galibi ba a sa mata layukan da hoto ke bi ba. Za ta shiga daram, monita ma tana iya fara cajin laftof ta cikinta, amma allo ya zauna baƙi ƙirin. Ana bukatar wadda aka rubuta a kwalinta cewa tana ɗaukar hoto, ko wadda ke da alamar Thunderbolt. Idan an dace da kafa da waya da monitar da suka jitu, alherin yana da yawa: waya guda za ta kai hoto da sauti, ta dawo da wutar caji, ta kuma haɗa allon rubutu da linzami. A nan ma akwai iyaka, domin wayar USB-C ta gama-gari wat 60 take ɗauka, mai ɗaukar wat 100 ko fiye tana da nata guntun na shaida a cikin kanta.

Wasu na ganin dokar Tarayyar Turai za ta kawo ƙarshen wannan ruɗani. Gaskiya ne dokar ta wajabta USB-C a kan wayoyin salula da makamantansu daga 28 ga Disamba 2024, ta kuma sa wa laftof ranar 28 ga Afrilu 2026. Amma a kan caji aka yi dokar, ba ta tilasta wa kowa ya sa kafar ta fitar da hoto ba. Don haka duba kafa kafin saye yana nan a wuyan mai saye.

Tambaya ta uku: yaya nauyin hoton?

Hoton da ke kan allo tarin ɗige-ɗige ne. Allon da ake kira 1080 yana da ɗigo 1,920 a kwance da 1,080 a tsaye, jimla 2,073,600. Wanda ake kira 4K yana da 3,840 da 2,160, jimla 8,294,400, wato ninki huɗu. Kowane ɗigo yana bukatar bit 24 domin bayyana launinsa, kuma a ƙa'ida ana sabunta hoton sau 60 a daƙiƙa guda. Idan aka yi lissafi, allon 4K na bukatar kusan bit biliyan 12 a kowace daƙiƙa. HDMI nau'in 1.4 na shekarar 2009 iyakarta biliyan 10.2. Ke nan hanyar ta yi wa kayan kaɗan, sai na'urorin su sasanta a kan sau 30 a daƙiƙa, mai aiki ya ga kibiyar linzami tana tafiya da ɗingishi, ya ɗauka kwamfutarsa ce ta yi nauyi. Nau'in 2.0 na 2013 ya kai biliyan 18, shi ke ɗaukar 4K sau 60, nau'in 2.1 na 2017 kuma ya kai biliyan 48.

Darasin da ke nan shi ne, laftof da waya da adafta da monita ayari ɗaya ne, kuma da tafiyar mafi rauni a cikinsu ake tafiya. Wanda ya sayi monitar 4K alhali kafar laftof ɗinsa 1.4 ce, ko ya sayi waya mafi tsada a kasuwa ba abin da zai ƙaru. A ɗaya ɓangaren kuma, ga ɗakin lacca ko ofishin da allonsa 1080 ne, kowace lafiyayyar wayar HDMI mai rubutun High Speed ta wadatar. Tunda lambobi ne ke bi ta ciki, wayar da aka shafa wa ruwan zinare ba ta ƙara wa hoto kyau. Ko dai lambobin su isa hoto ya fito daidai, ko su kasa isa a ga ƙyalli-ƙyalli da ɗaukewar allo. Abin da ya kamata a biya kuɗi a kansa shi ne ƙwarin waya da ingancin kanta, domin a nan take fara karyewa.

Tsawo ma yana da hukunci. Wayar HDMI ta gama-gari takan fara gardama idan ta wuce mita 10 zuwa 15. A babban zaure, inda majigi ke nesa da mumbari, ana amfani da wayar HDMI mai zaren gilashi a ciki, wadda ita ma fuska ɗaya take aiki kuma akan rubuta a kawunanta wanne ne na kwamfuta wanne ne na allo, ko kuma tsarin HDBaseT da ke kai hoto har mita 100 ta wayar sadarwar kwamfuta. Jona gajerun wayoyi uku da mahaɗi, kamar yadda na sha gani, neman rigima ne.

Bayan an jona

Wani lokaci waya daidai take, umarni ne ba a bayar ba. Majigi da monita suna da kafofi da yawa, kuma guda ɗaya suke saurare a lokaci guda, sai a danna maɓallin da aka rubuta wa Source ko Input a zaɓi wadda aka jona. A kwamfuta mai Windows kuwa, a danna maɓallin Windows tare da harafin P, zaɓi huɗu za su fito a jere. Na farko allon laftof kaɗai, na biyu hoto ɗaya a allunan biyu, na uku ya mayar da su kamar faffaɗan tebur guda, na huɗu allon waje kaɗai. Na ukun shi ne abokin malami, domin da shi PowerPoint ke nuna wa ɗalibai darasi a majigi, shi kuma yana ganin bayanansa da shafi na gaba a gabansa. Shi ne kuma abokin mai rubuta kundin digiri, littafin da yake nazari a allo ɗaya, rubutunsa a ɗayan, ya huta da sunkuyon da ke gajiyar da wuya da baya.

Akwai ƙananan abubuwa biyu da ke tayar da hankali ba gaira ba dalili. Idan aka jona HDMI sauti ya ɓace, kwamfuta ce ta tura shi zuwa monitar da wataƙila ba ta da sifika, sai a koma saitin sauti a dawo da shi. Idan kuma hoto ya matse ko gefensa ya yanke, a tuna cewa tsofaffin majigai da yawa ɗigo 1,024 da 768 gare su, siffarsu ta fi kusa da murabba'i, laftof kuwa mai faɗi ce. A ƙa'ida allo yakan gaya wa kwamfuta ƙarfinsa ta cikin wayar, amma adafta mara kyau ko doguwar wayar VGA kan haɗiye wannan saƙo, sai an shiga saitin allo an zaɓa da hannu.

Sai batun wuta, wanda ya fi shafar mu fiye da waɗanda suka ƙera na'urorin. Gine-gine da yawa a ƙasar nan ba a ja musu wayar ƙasa mai sauke rarar lantarki ba, ko an ja ta ta lalace. A irin wannan wuri, jikin talabijin ko majigi na iya ɗaukar wani ƙarfin lantarki da ya bambanta da na laftof, musamman idan soket ɗinsu daban-daban ne. Da bakin waya ya taɓa kafa sai bambancin ya bi ta cikinta, wani lokaci har a ga ɗan tartsatsi, kuma yana iya ƙona guntun HDMI ɗin da gyaransa ke da wuya. Rigakafin mai sauƙi ne: a kashe soket, a jona wayar hoto tukuna, sannan a kunna, kuma in da hali na'urorin biyu su sha wuta daga wuri ɗaya. Layukan da ke yawo a hoton VGA idan an tayar da janareto ma daga wuta suke. Ƙurar hunturu kuwa takan cika kafofin da ba a amfani da su, ɗan murfin roba ya ishe su.

Abin da ya rage gare mu

Wani zai ce wannan ƙaramar magana ce a ƙasar da ke fama da manyan matsaloli. Ni kuwa na ga ɗaliba ta zo kare kundin digirinta na biyu, aikin shekara biyu, taswirori da jadawalai cike da laftof ɗinta, aka rasa adaftar da za ta haɗa ta da majigin zauren. Ta yi bayani da baki gaban malamin da aka gayyato daga wata jami'a, rabin hujjojinta ba wanda ya gan su. Ta ci jarrabawar, amma ba ta nuna iyakar abin da ta sani ba. A lissafa kuma minti goma sha biyar da ke salwanta a farkon lacca, a ɗakin da ke da ɗalibai ɗari biyu: awa hamsin ke nan na lokacin mutane a zama guda.

Akwai kuma asarar dukiya. Na san ɗakunan ajiya da aka jibge monitoci da majigai masu rai, an yanke musu hukuncin mutuwa don kawai sababbin kwamfutoci ba su da irin kafarsu. Rahoton da hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya suka fitar a 2024 ya nuna cewa duniya ta tara tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki a shekarar 2022, kuma abin da aka tabbatar an sake sarrafawa yadda ya dace bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Monitar VGA mai lafiya, da adafta guda, za ta iya ƙara shekaru tana yi wa ɗalibi ko ma'aikaci hidima.

Shawarata ga hukumomin makarantu da ma'aikatu ita ce, duk takardar sayen majigi ko monita ta ambaci kafofin da ake bukata, da tsawon waya, da adaftocin da za su zo tare, kuma kada a sa hannu a kan karɓar kaya sai an gwada su da kwamfutoci iri daban-daban a ɗakin da za su zauna. Kowane zaure ya samu wayar HDMI da aka ja zuwa teburin malami, da adaftar USB-C da aka ɗaure a jikinta yadda ba za ta yi ƙafa ba, da ma'aikaci guda da aka san shi ke kula da su. Ga 'yan'uwana malamai da ɗalibai, kowa ya san kafofin kwamfutarsa kamar yadda ya san lambar wayarsa, ya ajiye adafta biyu a jaka, wadda za ta kai shi HDMI da wadda za ta kai shi VGA. Mai gabatar da muƙala ko kare kundi ya je zauren tun ana gobe ya gwada, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Duk kayan nan ana samun su a Titin Beirut da Farm Centre a Kano, da Computer Village a Ikeja, da shagunan kwamfuta na sauran garuruwa. Masu shagunan da yawa sun san aikinsu, amma abin da ka tambaya shi za su ba ka. Ka tafi da laftof ɗinka, ko aƙalla hoton gefenta da na bayan monitar a salularka, ka faɗi wacce ce mai aikawa wacce ce mai karɓa, ka kuma nemi a gwada a gabanka kafin ka biya. Matambayi ba ya ɓata. Allah Ya sa mu dace.